Waiwaye: yadda tallafin karatun 'yan mazan jiyan Amurka ya iso ga iyalansu

Ɗalibin da ya shiga ofishin kula da 'yan mazan jiya a wata jami'ar Amurka ya ce mahaifinsa tsohon soja ne, yana neman tallafin karatu, tambayoyi za a jero masa kafin a yi maganar kuɗi. Mahaifin naka yana raye? A wace shekara ya bar aiki? Gwamnati ta tabbatar yana da nakasa, kuma kashi nawa cikin ɗari? Kafin ya tuɓe kaki ya sa sunanka a takardar miƙa haƙƙin karatunsa? Yara biyu da iyayensu suka yi yaƙi a bataliya ɗaya a Iraƙi, ɗaya na iya samun karatu kyauta har da kuɗin haya, ɗayan ya fito hannu rabbana. Abin da ya jawo haka shi ne an gina tsarin kamar gidan gado: kowane zamani ya zo ya ƙara ɗaki da ƙofarsa, kuma dalilin gina wannan ɗakin daban yake da na wancan.

Tushen maganar yana cikin wani abin kunya da ya faru a 1932. Sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya an yi musu alkawarin wani kuɗi a 1924, amma aka ce sai 1945 za a biya. Da tattalin arziki ya rushe, yunwa ta kama su, sai dubbansu suka yi tattaki zuwa Washington da mata da yara, suka kafa bukkoki suna neman a biya su. Ranar 28 ga Yuli, Shugaba Herbert Hoover ya tura soja a ƙarƙashin Janar Douglas MacArthur, aka kore su da hayaƙi mai sa hawaye, aka ƙona bukkokin. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya doshi ƙarewa, mutum wajen miliyan 16 sun sa kaki, ba wanda yake son a maimaita wannan.

Shi ya sa ranar 22 ga Yunin 1944 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar da aka fi sani da GI Bill, wadda Harry Colmery na ƙungiyar tsoffin sojoji ta American Legion ya rubuta daftarinta na farko. Gwamnati za ta biya wa tsohon soja kuɗin makaranta har dala 500 a shekara, ta kuma ba shi alawus na dala 50 a wata. A 1947 kusan rabin waɗanda jami'o'i suka ɗauka 'yan mazan jiya ne, kuma zuwa 1956 mutum miliyan 7.8 sun yi karatu ko koyon sana'a da ita. Baƙaƙen fata da yawa, musamman a jihohin kudu, ba su ci moriyarta yadda ya kamata ba, domin an bar gudanarwar a hannun jami'an yankuna da makarantun da ke nuna wariya. Mata da 'ya'ya kuwa, iyakar rabonsu shi ne alawus ɗin mai iyali ya tashi zuwa dala 75. Dokar ta sojan da ya dawo ce. Wanda bai dawo ba, ba ta tanadi karatun 'ya'yansa ba.

Sai a 1956 majalisa ta tuna da su, lokacin da marayun yaƙin suka fara kai shekarun shiga jami'a. Aka yi dokar tallafin karatun marayun yaƙi, ita ce yau ake kira Babi na 35, wato lambar babinta a kundin dokokin 'yan mazan jiya, ko DEA a taƙaice. Daga nan aka riƙa faɗaɗa ta da kaɗan-kaɗan: a 1964 aka shigar da 'ya'yan sojan da aikin ya nakasa gaba ɗaya kuma har abada, a 1968 aka shigar da matansu da zawarawan waɗanda suka rasu, a 1970, ana tsakiyar yaƙin Vietnam, aka ƙara iyalan fursunonin yaƙi da waɗanda suka ɓace. Abin da yake rikita iyalai har gobe shi ne Babi na 35 ba ya biyan makaranta. Kuɗi ne ƙayyadadde ake tura wa ɗalibi a asusunsa kowane wata, wanda daga ƙarshen 2024 ya ɗan haura dala 1,500 ga mai cikakken karatu, ko jami'arsa mai araha ce ko mai tsada. Shi zai raba tsakanin kuɗin makaranta, haya da abinci.

A 1973 Amurka ta daina ɗaukar soja dole, nan ma'anar tallafin ta sauya. Da can godiya ce ga wanda aka tilasta wa barin gida; yanzu ya zama abin jan hankalin matasa su shigo da ƙafarsu. Dokar Montgomery ta 1984 ma sai da soja ya yarda a cire masa dala 100 a wata na shekara guda kafin ya cancanta.

Babban sauyi ga iyali ya zo ne a 2008. Sanata Jim Webb na Virginia, wanda ya yi yaƙin Vietnam, ya kawo ƙudurin a yi wa sojojin Iraƙi da Afghanistan irin gatan 1944. Ma'aikatar tsaro ta Pentagon ta ji tsoron idan tallafin ya yi tsoka sojoji za su bar aiki da zarar wa'adinsu na farko ya cika, alhali ana yaƙi biyu. Sanata John McCain ma ya ƙi goyon bayan ƙudurin a yadda ya zo da farko. Sulhun da aka yi shi ne a ba soja damar miƙa haƙƙinsa ga matarsa ko 'ya'yansa, da sharaɗin ya yi shekara shida a aiki, ya kuma sa hannu zai ƙara huɗu. Shugaba George W. Bush ya rattaba hannu ranar 30 ga Yunin 2008, dokar ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2009. Ita ce Babi na 33.

Ga wanda ya cancanci kashi ɗari, gata ne babba: wata 36 na karatu, gwamnati ta biya jami'ar jiha kai tsaye cikakken kuɗin da ɗan jiha ke biya, ga alawus ɗin haya gwargwadon tsadar garin da makarantar take, ga har dala 1,000 a shekara na littattafai. Jami'o'i masu zaman kansu an yi musu iyaka, dala 28,937 a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, sai dai wasu na cikin shirin Yellow Ribbon, inda makaranta ke yafe wani ɓangare na ragowar, ma'aikatar 'yan mazan jiya ta VA ta biya daidai abin da aka yafe. Wata 36 ɗin nan na gidan duka ne, ba na kowane yaro ba; mai 'ya'ya uku sai ya zauna ya raba. Yaro ba zai fara amfani ba sai uban ya cika shekara 10 a aiki, kuma da ya kai shekara 26 ƙofa ta rufe. Mata na iya farawa nan take, amma ba ta samun kuɗin haya muddin mijin yana bakin aiki.

Iyalan waɗanda suka mutu a fagen daga fa? Su ba su samu damar cike takarda ba, kuma abin da ya rage musu shi ne ƙaramin alawus na Babi na 35. John David Fry sojan kundumbala ne mai kwance bama-bamai, bam ya kashe shi a lardin Anbar na Iraƙi a watan Maris na 2006, ya bar mata da 'ya'ya uku. A 2009 aka kafa tallafi da sunansa, wanda ya ba 'ya'yan duk sojan da ya mutu a bakin aiki bayan 10 ga Satumban 2001 cikakken gatan Babi na 33. Zawarawan sai a farkon 2015 aka shigar da su, kuma dole kowace ta zaɓa tsakanin Fry da Babi na 35, zaɓin da ba a warwarewa. Ni dai ina ganin shekara biyar da rabi da aka bar matan nan suna jira sun yi yawa, domin su ne suka riƙe gidajen.

Dokar 2017, wadda aka sa wa sunan Colmery, ta cire wa'adin shekara 15 na amfani da tallafin Babi na 33 ga waɗanda suka bar aiki daga 1 ga Janairun 2013. Ta ƙara alawus ɗin Babi na 35 da kusan dala 200 a wata, amma ta rage watanninsa daga 45 zuwa 36 ga wanda ya fara daga Agustan 2018. Haka kuma sai a Agustan 2022 aka wajabta wa jami'o'in gwamnati su caji masu Babi na 35 kuɗin ɗan jiha, shekaru bayan an yi wa masu Babi na 33 wannan sauƙin a dokar 2014.

Inda kuɗi suke, masu kwaɗayi ba sa nisa. Doka ta hana makarantun 'yan kasuwa samun fiye da kashi 90 na kuɗin shigarsu daga tallafin ɗalibai na tarayya, amma shekara da shekaru ba a lissafa kuɗin GI Bill a ciki. Sai tsohon soja da iyalinsa suka zama abin farauta, tunda da kuɗinsu makarantun ke cike ragowar kashi 10. Kamfanin Corinthian mai irin waɗannan makarantu ya durƙushe a 2015, ITT ya bi shi a 2016, ɗalibai suka wayi gari watanninsu sun tafi babu takardar shaida. A 2021 aka toshe wannan kafar, gyaran ya fara aiki a 2023.

Jihohi ma suna da nasu, kuma sau da yawa nan ne mai Babi na 35 ke samun abin biyan makaranta. Texas tana da dokar Hazlewood, wadda tun 2009 take barin tsohon soja ya miƙa wa ɗansa ragowar sa'o'in karatunsa 150 a jami'o'in jihar. California tana yafe kuɗin makaranta ga 'ya'yan nakasassun sojoji bisa wasu sharuɗɗa. A Virginia, da kuɗin irin wannan shiri suka yi wa jami'o'i nauyi, majalisar jihar ta taƙaita shi a watan Mayun 2024, iyalai suka yi ca, a watan Yuli aka janye. Akwai kuma abin da ake yawan gauraya shi da waɗannan, wato tallafin karatu na dala 4,500 a shekara da rundunoni ke biya. Wannan na sojan da ke aiki ne shi kaɗai, ba ya wucewa ga yaro.

Maganar ta shafi wasu daga cikin mutanenmu, tunda mai katin zaman dindindin a Amurka na iya shiga soja, kuma akwai 'yan Afirka ta Yamma da suka shiga. Doka ta ma yarda a yi karatun a wata ƙasa idan VA ta amince da makarantar da kwas ɗin. Abin da ya fi muhimmanci su sani shi ne miƙa haƙƙi a hannun ma'aikatar tsaro yake, kuma sai mutum yana cikin kaki ake yin sa. Shi ya sa tsofaffin hannu ke gaya wa na baya su rubuta wa kowane yaro ko wata ɗaya ne kafin su fita, domin bayan ritaya ana iya sauya rabon watanni tsakanin waɗanda aka rubuta, amma ba a ƙara sabon suna. Yaron da aka haifa bayan uban ya bar aiki ba ya shiga.

Wannan sharaɗin shi ne wurin da na fi ganin rashin adalci, kuma tarihinsa ya nuna dalili: an ƙirƙiri miƙa haƙƙi ne don a riƙe soja a aiki, ba don a saka wa wanda ya gama ba. A 2018 Pentagon ta so ma ta hana wanda ya wuce shekara 16 a aiki miƙawa, sai da majalisa ta taka mata birki a ƙarshen 2019. Sojan da ya yi yaƙin Falluja a 2004 ya yi ritaya kafin Agustan 2009, doka ta ba shi wata 36 na karatu ko da ba ya bukata, amma ba ta taɓa ba shi hanyar miƙa wa 'yarsa ko wata ɗaya ba.