Kariyar mai jinya bayan maganin aidin mai radiyeshan

Aidin-131 nau'in aidin ne mai fitar da radiyeshan, wanda ake bai wa mai ciwon dajin tayirod, wato halittar da ke gaban wuya wadda kumburinta ke zama maƙoƙo. Galibi sai bayan tiyata ake ba da shi, a kafso ko a ruwa, domin ya ƙone ragowar ƙwayoyin da wuƙar likita ba ta kai gare su ba. Likita Saul Hertz ne ya fara magani da aidin mai radiyeshan a Boston ta Amurka a 1941. Yawan da ake ba mai dajin tayirod kan kama daga milikuri 30 zuwa 200 (milikuri ma'aunin ƙarfin maganin ne).

Ta hanya biyu abin ke shafar mai jinya. Ta farko ita ce hasken gama, wato nau'in radiyeshan da ido ba ya gani, wanda ke ratso jikin mara lafiya ya kai ga duk wanda ke kusa. Maganinta tazara da taƙaita zama. Wanda ya matsa daga mita 1 zuwa mita 2 ya rage abin da ke isa jikinsa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Hukumar ICRP, mai ba da shawara kan kariya daga radiyeshan a duniya, ta sanya milisibat 1 (ma'aunin radiyeshan da jiki ya samu) a shekara a matsayin iyakar sauran jama'a, ta kuma ba da shawarar kada babban mutum mai jinya ya wuce milisibat 5 a magani guda.

Hanya ta biyu ta fi buƙatar lura: aidin ɗin kansa yana fita ta fitsari, yawu, gumi da bayan gida, mafi yawansa cikin kwana biyun farko. In ya shiga bakin wani, kai tsaye tayirod ɗinsa zai nufa. Shi ya sa ake ware wa mara lafiya kwano, cokali, kofi, tawul da buta, kuma ba a cin tuwo a kwano ɗaya da shi, ba a ba yaro ragowarsa. Namiji ya tsuguna ko ya zauna in zai yi fitsari don kada ya fallatsa, a kora ruwa sau biyu, a wanke hannu da sabulu. Inda masai ne, a zuba ruwa sosai a bakin ramin. Tufafi da zanin gado a wanke su daban. Mara lafiya ya kwana shi kaɗai na adadin kwanakin da asibiti ya rubuta, domin adadin ya danganta da yawan maganin da abin da na'ura ta auna a jikinsa ranar sallama.

Yara da masu juna biyu su ne abin ji. Mai ciki ba ta jinyar nan ko kaɗan. Goyo, rungumar jariri da ɗora yaro a cinya duk su dakata, 'yan dubiya kuma su yi sannu daga bakin ƙofa ko ta waya. Mai shayarwa sai ta yaye aƙalla mako 6 kafin a ba ta maganin, saboda nono mai ruwa yana tara aidin, kuma wannan yaron ba ya komawa nono. Macen da aka ba maganin ta jinkirta ɗaukar ciki wata 6 zuwa 12.

Amai a awannin farko shi ne matsalar da ta fi tayar da hankali, domin maganin bai gama barin ciki ba. A sa safar hannu ta roba, a goge da takardar banɗaki a zuba a masai, a wanke wurin da sabulu, sannan a kira sashen da ya ba da maganin nan take. Tsumman da ya ɓaci a ƙulle shi a leda biyu, a rubuta kwanan wata, a ajiye inda yara da dabbobi ba sa zuwa. Ƙarfin aidin-131 yana raguwa da rabi duk kwana 8, don haka bayan kwana 80 abin da ya rage a ledar bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba.