Bijire wa magani: furotin ɗin da ke fitar da kemo daga ƙwayar kansa

Likitocin cutar kansa sukan ce ciwo ya bijire wa kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, iyalan majiyyaci kuma su fahimci cewa jikinsa ne ya saba da allurar. Ba haka abin yake ba. Ƙwayoyin kansar ne da kansu suke samun hanyar kuɓuta, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin da aka fi sani ita ce wani furotin mai suna P-glycoprotein.

A shekarar 1976 aka fara bayyana shi a birnin Toronto na Kanada, a aikin Rudolph Juliano da Victor Ling. Zaune yake a bangon ƙwayar halitta, yana aiki kamar injin kwashe ruwa daga rami: magani ya shiga ƙwayar, shi kuma ya yi amfani da kuzarin ƙwayar ya watso shi waje tun bai yi aikinsa ba. Asalinsa ba mugun abu ba ne. Yana nan a hanji da hanta da ƙoda da jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwar kowa, yana korar guba. Matsalar tana tasowa ne idan ƙwayar kansa ta cika bangonta da shi.

Abin ya fi damun masu kula da kansar tsoka. Akwai rhabdomyosarcoma, wadda ta fi kama yara, takan fito a kai da wuya, ko kewayen ido, ko mafitsara, ko hannu da ƙafa. Akwai kuma leiomyosarcoma ta manya, wadda ke tasowa daga tsokar mahaifa ko bangon jijiyar jini. Magungunan da aka dogara da su, wato vincristine da dactinomycin ga yara, da doxorubicin ga manya, duk suna cikin waɗanda furotin ɗin ke iya fitarwa. Ba su yi kama da juna ba, ba kuma hanya ɗaya suke bi wajen kashe ƙwaya ba, amma famfo ɗaya ya ishe su. Shi ya sa ciwon da ya ƙi jin magani guda kan ƙi jin wani da ba a taɓa gwada masa ba. Cyclophosphamide da ifosfamide kuwa ba su cika shiga hannunsa ba, kuma ana haɗa ɗayansu da vincristine da dactinomycin wajen jinyar yara.

A 1990 wani bincike kan yara 30 a Toronto ya nuna cewa waɗanda aka samu furotin ɗin a ƙarinsu ciwon ya fi dawo musu. Aka ɗauka an gano bakin zaren: a gwada ƙari, a san wanda zai ji magani. Binciken da ya biyo baya bai goyi bayan hakan baki ɗaya ba. A 1992 kuma Susan Cole da Roger Deeley suka gano wani famfon daban, MRP1. Ashe ba shi kaɗai ba ne.

Yunƙurin toshe famfon ma bai yi armashi ba. Tun 1981 aka ga cewa verapamil, maganin hawan jini, yana toshe shi a ɗakin gwaji, sai dai adadin da ake buƙata yana taɓa zuciya. Waɗanda aka ƙera daga baya, irin su valspodar da tariquidar, ba su tsawaita ran majiyyata yadda aka sa rai ba, wasu ma sun ƙara wa kemo dafi, tunda sun toshe famfon hanta da ƙoda tare da na kansar.

A ganina an ɗora wa furotin guda nauyin da ya fi ƙarfinsa. Ƙwayar kansa tana iya gyara ɓarnar da magani ya yi wa kayan gadonta, tana iya ƙin mutuwa. Har yau likita ba ya auna wannan furotin kafin ya tsara jinyar kansar tsoka. Nau'in ƙarin yake dubawa, da girmansa, da inda yake, da ko ya bazu, da ko tiyata ko gashi, wato ƙona ƙarin da haske mai ƙarfi, za su iya kawar da abin da kemo ya bari.