Gargaɗin burauza kan sikirif ɗin ƙididdiga a shafuka masu kwaɗo

Wannan matsala ce da ke faruwa idan shafin intanet da aka buɗe ta kulltacciyar hanya, wato wanda adireshinsa ya fara da https, ya ɗauko wani ɓangare nasa ta buɗaɗɗiyar hanyar http. Burauza takan ɗauki haka a matsayin gaurayen kaya, sai ta cire alamar ɗan kwaɗon da ke gefen adireshi, ko ta fito da gargaɗi, ko ta ƙi ɗauko abin gaba ɗaya. Daga cikin abubuwan da suka daɗe suna jawo wannan akwai sikirif ɗin ƙididdiga, ɗan guntun shirin da masu shafi ke liƙawa don su san mutum nawa suka ziyarce su, daga ina, kuma wane shafi suka fi daɗewa a kai.

Asalin matsalar

Kamfanin Netscape ne ya fitar da tsarin SSL a 1995 don kulle bayanan da ke tafiya tsakanin burauza da sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, daga baya TLS ya gaje shi a 1999. Na tsawon shekaru, shafukan biyan kuɗi da na shigar da kalmar sirri kaɗai ake kullewa, sauran shafin kuwa a bar shi a buɗe. A cikin wannan yanayi ne Google ya sayi kamfanin Urchin a 2005, ya kuma buɗe tsarinsa na ƙididdiga, Google Analytics, a watan Nuwambar shekarar. Mai shafi yakan kwafi 'yan layuka ya liƙa a ƙasan kowane shafi. Inda aka kwafi adireshin http aka sa shi a shafin biyan kuɗi, nan take burauzar Internet Explorer ta tare baƙo da akwatin tambaya, tana sanar da shi cewa shafin ya haɗa amintattun abubuwa da waɗanda ba amintattu ba.

Da sabon sikirif ɗin Google Analytics mai suna ga.js ya fito a ƙarshen 2007, lambar da Google ke bayarwa, wato layukan da ake liƙawa, ta riƙa duba ta wace hanya aka buɗe shafin, sannan ta zaɓi adireshin da ya dace. Na baya, analytics.js da gtag.js, sun sauƙaƙa abin fiye da haka. Amma tsohuwar lamba ba ta mutuwa da kanta. Tana nan maƙale a cikin shafuka da dama da aka gina tun da daɗewa aka manta da su.

Dalilin da ya sa burauza ke tsanantawa

Ba duk gauraye ne ke da haɗari ɗaya ba. Hoto da aka ɗauko ta http, iyakar ɓarnarsa a musanya shi da wani ko a gane abin da mutum ke kallo. Sikirif kuwa yana da iko a kan shafin baki ɗaya: yana iya karanta abin da aka rubuta a fom, ya sauya lambar asusun banki da aka nuna, ya tura mutum wani wuri. Duk wanda ke tsakiyar hanya, misali mai riƙe da buɗaɗɗen wayifai, zai iya sauya sikirif ɗin kafin ya iso. Kamar gida ne da aka garƙame ƙofar zaure aka bar katangar baya a rushe.

Saboda haka Firefox 23, wadda ta fito a watan Agustan 2013, ta fara toshe irin wannan sikirif kai tsaye, haka ma Chrome take yi. A Yulin 2018 Chrome 68 ta fara yi wa duk shafin http alamar rashin tsaro. Yau abin da ya fi faruwa shi ne sikirif ɗin ya ƙi aiki shiru, mai shafi ya buɗe ƙididdigarsa ya tarar babu ko baƙo ɗaya, ya zaci kasuwa ce ta mutu.

A Sakkwato wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai sayar da jakunkuna da takalman fata da ya samu aka gina masa shafi yana neman amanar mai saye da ke Legas ko Abuja, wanda bai taɓa ganin rumfarsa ba. Ɗalibin da ya zo biyan kuɗin makaranta ta waya, ya ga gargaɗi, da wuya ya shigar da lambar katinsa, kuma daidai ya yi. Kuskuren da ake yawan ji a shagunan kwamfuta shi ne a ce wa mutum, “Danna kawai, ba komai.” Wannan shawara tana koya wa jama'a raina gargaɗin da wata rana zai kasance na gaske.

Yadda ake gyarawa

Farko a gano mai laifin. A kwamfuta, idan aka danna F12 a Chrome ko Firefox, sashen masu gina shafi zai buɗe, kuma a can burauza ke rubuta cikakken adireshin abin da ta toshe. Sau da yawa takardar shaidar shafin, wadda ke ba shi damar amfani da https, lafiyarta lau, sabunta ta ɓarnar kuɗi ce kawai. Layi ɗaya ne ke da http.

Gyaran shi ne a mayar da adireshin sikirif ɗin zuwa https. Ya fi kyau ma a goge tsohuwar lambar a kwafo sabuwa daga asusun kamfanin ƙididdigar, musamman da yake tsohon tsarin Universal Analytics ya daina karɓar bayanai tun 1 ga Yuli 2023, Google Analytics 4 ya maye gurbinsa. A da an yi yayin rubuta adireshi da // kawai don ya bi hanyar da shafin ya biyo, amma yanzu rubuta https a fili ya fi. Masu amfani da manhajar gina shafi ta WordPress su duba jigon shafin da ƙananan manhajojin da aka ƙara masa, domin lambar takan ɓuya a can, wani lokaci har sau biyu.

Wanda ya ajiye manhajar ƙididdiga irin su Matomo, wadda a da ake kira Piwik, a sabarsa, sai ya samo wa wannan sabar takardar shaida ita ma. Let's Encrypt tana bayar da ita kyauta tun ƙarshen 2015. Akwai kuma umarnin upgrade-insecure-requests da ake sakawa a tsarin tsaron shafi, wanda ke sa burauza ta nemi komai ta https, sai dai ba ya aiki idan sabar da ke riƙe da sikirif ɗin ba ta da wannan hanya. A irin wannan hali babu abin yi illa a cire sikirif ɗin a nemi wani kamfani. Bayan gyara a share ma'ajiyar wucin gadi ta shafin da ta burauza, sannan a gwada a waya da kwamfuta, musamman shafin biyan kuɗi.