Kumburin jijiyoyin ƙafa: yaushe inshorar lafiya ke biyan kuɗin magani?

Duk wanda ya saba shiga Tudun Hatsi a Gombe ya san irin ƙafar nan, wadda jijiyoyi suka fito ruɗu-ruɗu a bayan gwiwa, suka murɗe kamar igiya. Masu wuni a tsaye ne suka fi fama da ita, sai matan da suka yi haihuwa da yawa, da masu ƙiba, da wanda ya gada. A cikin jijiyar akwai 'yan ƙofofi da ke hana jini komowa ƙasa idan ya nufi zuciya. In suka saki, jinin ya taru, jijiyar ta kumbura.

To, mai katin inshora zai samu a yi masa magani ba tare da ya taɓa aljihu ba?

Dokar NHIA, wato Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Ma'aikatan tarayya na ƙarƙashin NHIA, jihar Gombe na da tata hukumar inshorar mai suna GoHealth, Bauchi kuma BASHCMA. Sai dai tsarin NHIA ba ya biyan ko sisi a kan aikin kwalliya, kuma nan ne gizo ke saƙa. Idan munin ƙafar ne kawai ya dame ka, gyaranta kwalliya ce. Amma in tana ciwo, tana nauyi da yamma, fatar idon sawu ta yi baƙi tana ƙaiƙayi, ko ta zama gyambon da ya ƙi warkewa, wannan cuta ce.

Abin da likita ya rubuta a fayil shi ke raba gardama. Mu kuwa kawaici ya yi mana yawa. Likita ya ce, “Baba, ya jikin?” Dattijo ya ja wandonsa ya rufe ƙwauri ya ce, “Da sauƙi, alhamdu lillahi,” alhali sai ya ɗora ƙafar a kan matashi yake samun barci. Wannan “da sauƙi” ita za ta shiga takarda. Ka faɗi komai: wata nawa kana ciwon, ko ya taɓa hana ka fita kasuwa, ko jini ya taɓa zuba.

Sai batun ƙofar shiga. A asibitin da ka yi rajista ake farawa. Su za su ba ka takardar turawa zuwa babban asibiti, tare da lambar izini daga kamfanin HMO, wato kamfanin da ke kula da inshorarka, idan ɗan NHIA ne kai. Wanda ya wuce kai tsaye Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ba wannan takarda, da kuɗinsa zai ga likita. Banda gaggawa: in jijiya ta fashe, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a ɗaga ƙafar sama, a nufi asibiti mafi kusa.

A kuɗin magunguna, ɗan NHIA kashi 10 cikin 100 yake biya. Maganin jijiyar kuwa iri-iri ne: safa mai matse ƙafa, allurar da ke toshe jijiyar, ƙone ta da hasken leza, ko a cire ta da tiyata, bayan an ɗauki hoton gudun jini. Kafin a sa ranar aiki, ka je teburin inshora na asibitin su gaya maka wanne lambar izininka ta ɗauka, kuma a rubuce.