Tsoron kashe kai bai isa a bar maganin farfaɗiya ba

An daɗe ana yaɗa cewa maganin farfaɗiya yana sa mutum ya kashe kansa, har wasu su daina sha. Asalin maganar gargaɗin hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ne a 2008, bayan ta duba gwaje-gwaje 199 na magunguna 11. Ƙarin da ta gano kaɗan ne: kusan mutum ɗaya cikin 500 ya samu tunanin kashe kai ko yunƙurinsa, fiye da waɗanda suka sha ƙwayar da ba magani ba.

Abin da ake mantawa shi ne, ita kanta farfaɗiya tana tafe da ciwon damuwa, ga tsangwamar mutane. Sau da yawa damuwar ta riga maganin zuwa.

Magungunan ma ba ɗaya ba ne. Levetiracetam, topiramate da phenobarbital sun fi taɓa yanayin zuciya, musamman ga mai tarihin damuwa. Don haka likita ya tambayi wannan tarihi tun farko, ya fara da ƙaramin awo, ya sake ganin mara lafiya a makonnin farko. Phenobarbital mai araha, da ake yawan bayarwa a Najeriya da Nijar, yana da haɗari idan aka sha da yawa. Gara a riƙa ba da shi kaɗan-kaɗan, wani ɗan uwa ya riƙe.

Dakatarwa farat ɗaya na iya jawo farfaɗiyar da ba ta tsayawa, wadda kan yi kisa. Idan an ga saurin fushi, keɓe kai ko zancen mutuwa, a je asibiti ranar, likita ya sauya maganin a hankali.