Mujallar Bulletin of the Atomic Scientists

Bulletin of the Atomic Scientists mujalla ce ta wata ƙungiya da ba ta neman riba, mai mazauni a birnin Chicago na Amurka. Tana buga rahotanni da sharhin masana kan makaman nukiliya, sauyin yanayi, ƙwayoyin cuta masu haɗari da sababbin fasahohin da ka iya jawo wa duniya halaka.

Masanan da suka yi aiki a shirin Manhattan, wanda ya ƙera bama-baman da aka jefa wa Hiroshima da Nagasaki, su ne suka kafa ta, Eugene Rabinowitch da Hyman Goldsmith na kan gaba. Fitowarta ta farko a Disamban 1945 'yar takarda ce mai shafuka kaɗan. A 1948 Albert Einstein ya kafa mata majalisar iyayen ƙungiya, Robert Oppenheimer ya zama shugabanta na farko.

Agogon Tashin Duniya

Da wannan agogo aka fi saninta. Mai zane Martyl Langsdorf ce ta zana shi a bangon fitowar Yunin 1947, yana nuna saura minti 7 ƙarfe 12 na dare, wato lokacin halaka. An matsar da shi zuwa saura minti 2 a 1953 bayan gwajin bam ɗin haidurojin, ya ja baya zuwa minti 17 a 1991 da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka sa hannu kan yarjejeniyar rage makamai ta START. Tun 2007 ake sa sauyin yanayi cikin lissafin. A Janairun 2023 ya kai saura daƙiƙa 90, a Janairun 2025 saura 89. Agogon ba na'urar awo ba ne. Kwamitin kimiyya da tsaro na ƙungiyar ne yake zama ya yanke hukunci kowace shekara, kuma nan ne masu suka suka fi kafa hujjarsu, don babu ma'aunin da wani zai maimaita ya samu amsa iri ɗaya.

Aikin da ya fi agogon nauyi a wurin masu bincike shi ne shafin Nuclear Notebook, wanda ake bugawa tun 1987. Ƙwararru daga Tarayyar Masana Kimiyya ta Amurka, ƙarƙashin Hans Kristensen, suna ƙiyasta makaman nukiliyar kowace ƙasa ta hanyar bin hotunan tauraron ɗan'adam, takardun kasafin kuɗin soja da bayanan da gwamnatoci suka saki. Ƙiyasinsu na 'yan shekarun nan ya kai kimanin kawunan makamai 12,000, kusan kashi 90 cikin 100 a hannun Rasha da Amurka.

Hanyoyin samun kuɗi

Irin wannan aikin jarida ba ya rayuwa da talla: binciken yana cin watanni, masu karatu kuma ba su da yawan da zai ja hankalin 'yan kasuwa. An daina buga ta a takarda a ƙarshen 2008, ta koma intanet. Kuɗinta na fitowa ne daga gudummawar ɗaiɗaikun mutane, tallafin gidauniyoyi, da kuɗin rajistar mujallar da ke fita duk wata biyu, alhali yawancin labaran shafinta kyauta ne. Dokar harajin Amurka ta ba mai bayar da gudummawa damar cire ta daga kuɗin da za a yi masa haraji a kai. A madadin haka dole ƙungiyar ta bayyana kuɗaɗenta duk shekara a fom mai lamba 990 da kowa zai iya dubawa, kuma an hana ta goyon bayan ɗan takara.

Raunin tsarin yana wajen gidauniyoyi. Tallafinsu yakan zo da wa'adi, sau da yawa a ɗaure da aiki guda, ba ya biyan albashin edita ko kuɗin kula da rumbun tsofaffin fitowa. Gidauniyoyin da ke kula da batun nukiliya kuma 'yan kaɗan ne. A 2021 Gidauniyar MacArthur, wadda ke cikin manyan masu ɗaukar nauyin wannan fanni, ta sanar za ta rufe shirinta na nukiliya a 2023. Ƙananan gudummawa na wata-wata daga masu karatu kuwa su ne kuɗin da ba a ɗaure su da sharaɗi.