Gyaran layukan lantarki da na waya bayan guguwa

Gyaran layukan lantarki da na waya bayan guguwa shi ne aikin da kamfanonin wuta da na sadarwa ke yi don dawo da hidimarsu idan iska mai ƙarfi, ambaliya ko ƙanƙara ta lalata musu kayan aiki. Galibin ɓarnar ba ta shafar tashoshin samar da wuta, sai wayoyin da ke rataye a kan turaku, waɗanda bishiya ɗaya in ta faɗo takan tsinka su.

Tarihi

Matsalar ta girmi wutar gida, domin wayoyin tangaraho sun riga ta shan wannan wahala. A watan Maris na 1888 wata guguwar dusar ƙanƙara ta afka wa gabashin Amurka, ta kakkarya turakun birnin Niyok, waɗanda a lokacin aka lafta musu wayoyin tangaraho da na tarho da na fitilu kamar saƙar gizo-gizo. Birnin ya yi kwanaki a katse. Ana yawan danganta binne wayoyin birnin a ƙarƙashin ƙasa da wannan guguwa, ko da yake an fara maganar tun kafin ta.

A Faransa, guguwa biyu da suka biyo juna a ƙarshen Disamban 1999, Lothar da Martin, sun bar gidaje fiye da miliyan 3 cikin duhu. Amma abin da masana suka fi waiwaya shi ne ruwan ƙanƙarar Janairun 1998 a gabashin Kanada. Ruwa ne ke sauka, da ya taɓa waya sai ya daskare, har kaurin ƙanƙarar ya kai milimita 100 a wasu wurare. Nauyin ya durƙusar da manyan turakun ƙarfe kusan 1,000, in ɗaya ya faɗi ya ja na kusa da shi, haka suka zube a jere. Turakun katako kuwa dubbai ne. Miliyoyin mutane sun rasa wuta a tsakiyar hunturu, wasu a kudancin Quebec har kusan wata guda, sai da aka tura sojoji fiye da 15,000 su taimaka.

Guguwar Maria ta 20 ga Satumban 2017 ta ɗauke wutar tsibirin Puerto Rico baki ɗaya, ta kashe kimanin kashi 95 cikin 100 na ƙarafan sabis. Sai da aka kusa cika wata 11 kafin wuta ta koma gidajen ƙarshe.

Yadda ake dawo da wuta

Ba a fara wa da wanda ya riga kai ƙara. Da farko ana katse wayoyin da suka faɗo ƙasa da wuta a jikinsu, a auna ɓarna. Daga nan sai manyan layukan dakon wuta da tashoshin rarraba ta, sai layukan asibitoci da na tashoshin ruwan famfo, sai waɗanda suka fi yawan jama'a. Wayar da ta shiga gida guda ita ce ta ƙarshe, shi ya sa mutum kan ga maƙwabcinsa da haske shi kuwa yana zaune a duhu. Idan tashoshin samar da wutar ma sun mutu, akan tayar da ƙaramar tasha mai iya tashi da kanta, kamar ta ruwa, ita kuma ta tayar da sauran sannu a hankali.

Kamfanoni kan ari ma'aikata da motoci daga yankunan da guguwar ba ta taɓa ba. Babban haɗarin da ma'aikatan ke tsoro shi ne janaretan da mai gida ya jona kai tsaye a wayar gidansa: wutar takan koma baya ta bi taransifoma, ƙarfinta ya ninka, ta kama mai gyara a kan layin da ya ɗauka matacce ne.

Waya

Tsohuwar wayar girke tana samun wutarta ne daga ofishin kamfani, daga batura masu ƙarfin bolt 48, ta cikin wayar tagulla. Don haka takan yi aiki ko an ɗauke wuta, kuma ana iya cewa ta nan ta fi waɗanda suka gaje ta. Wayar faiba, mai aika saƙo ta hanyar haske, ba ta ɗaukar wuta, ƙarfen sabis kuma batirinsa na 'yan sa'o'i ne, sauran sai janareta da man da dole a kai masa ta hanyoyin da wataƙila sun toshe. Tagullar ma tana da nata rauni: a guguwar Sandy ta 2012 ruwan gishiri ya cika ramukan wayoyi a kudancin Manhattan da ke birnin Niyok ya cinye wayoyin, kamfanin waya na Verizon ya maye gurbinsu da faiba. Inda ƙarfen sabis ya faɗi, akan kawo na wucin gadi a kan mota.

Muhawara

Binne wayoyi yana kare su daga iska, amma kuɗinsa ya ninka na turaku sau da dama, ambaliya na samunsu, gano inda suka lalace kuma yana ɗaukar lokaci. Bayan guguwar Katrina ta 2005, hukumar sadarwar Amurka ta nemi a tilasta wa kowane ƙarfen sabis tanadin wutar sa'o'i 8. Kamfanoni suka ƙalubalanci dokar, ba ta kai ga aiki ba.